Tukunyar da Isaka Ya Raina

Tun da aka sanar da ranar jarrabawa, bayan farmasin nan ya koma makarantar allo. Kun jeru a gindin dogon yaro da takardunku, kuna rera "biyu zuwa takwas, biyu zuwa takwas" kamar masu tilawa. Shekaranjiya na leƙo na tambayi Bashiru, biyu zuwa takwas ɗin mene ne. Ya gyara wuyan riga ya ce, "Ma'aunin sanyin da ake aje insulin ne, Tanti." Madalla da malam. Na ce to a gidan wa a Gaya ya taɓa ganin abin auna sanyi rataye a bango? Ya ce wannan tambayar ba ta cikin littafi. Gaskiyarsa, ba ta ciki.

Jiya kuma na ji Nafisa tana gaya wa ƙawarta a waya cewa aikin ba wuya: farar riga, sanyin kilim mai sanyaya ɗaki, ka karɓi ordonansi, takardar likita, ka miƙa kwali. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kuna yi wa rogo kallon kitse, ni kuwa ba zan hana ku ba. Amma tunda baki kuke buɗewa kuna kallona in na tsayar da mutum ina masa tambayoyi kamar ɗan sanda, bari in gaya muku inda na samo wannan hali.

Aikin da aka fara ba ni a sana'ar nan tsumma ne. Majo Garba, tsohon ma'aikacin asibiti da ya aje aiki ya buɗe ɗan depon magani kusa da kasuwa, shi ya ɗauke ni. Na zo masa da sabon lalle ina jiran farar riga, ya miƙo mini tsumma ya nuna kanta. Kowane kwali sai na sauke shi, na goge, na karanta sunansa da ranar mutuwarsa da ƙarfi ya ji, sannan na mayar, wanda ya kusa mutuwa a gaba, sabo a baya. In na gama wannan bango in koma wancan, in na gama wancan ƙura ta riga ta dawo na farko. Damina ta wuce a haka. Na yi kukan zuci, na ce tsohon nan baiwa ya samu. Sai daga baya na lura ko a rufe mini ido zan ɗauko maganin tari ban taɓa na tsutsar ciki ba.

Ranar da ya bari na riƙe almakashi, wani manomi ne daga wajen Zabori ya zo sayen rabin kati na maganin ciwon jiki. Na buɗe almakashi ke nan Majo ya riƙe mini hannu. Ya juya katin ya nuna mini bayansa. Ranar mutuwar maganin a gefe ɗaya kawai aka buga ta, in ka yanka, rabi ɗaya zai tafi ba shi da ranar, ɗayan kuma wataƙila ya rasa sunansa. Ya ɗauki bik ya rubuta suna da rana a bayan rabin da zai zama maraya, sannan ya ce in yanka. Ya ja layi biyu a jikin katin, ya ce wa manomin, "Wanga na sahe, wanga na marece, bayan ka ci tuwo." Manomin ya maimaita, Majo ya sa shi ya sake maimaitawa. Kayan aikina ke nan har yau: tsumma, almakashi, bik da baki. Injin da kuke dannawa kuna taƙama baƙo ne, in wuta ta tafi sai ya zama abin ɗora kofi.

Kun san me ya sa ba na jan layi a kwali? Saboda mutanen da ke tsallaka gadar kan iyaka ba sa tafiya da kwali. Mace ta sayi magani ukun da likita ya rubuta wa mijinta, ta fita nan ƙofa, ta zazzage katunan ta ƙulle a bakin zane, ta yar da kwalayen don kada a kan hanya a zaci na sayarwa ta ɗauko. In a kwali kuka yi zanenku mai kyau, to ga shi can akuya tana ci. Littafinku ya ce a bayyana wa mara lafiya yadda zai sha. Wane mara lafiya? Mara lafiya yana kwance a tsibiri ko a ƙauye. Wanda ke gabanku ɗan kabu-kabu ne da aka aiko, injinsa na kunne a waje, rabin hankalinsa na kan fasinja. Ka tambaye shi wa zai sha, yaro ne ko babba, mai ciki ce, ya ce maka, "Ni dai an aiko ni." A nan aikin yake farawa.

Kada ku ɗauka raina littafin nake yi. Ni ma na zauna wannan jarrabawa, kuma na zauna ta ina da jikoki. Bayan rasuwar Majo depo ya rufe, na dawo nan wurin Dokta mai wannan farmasi. Muka yi shekaru lafiya, sai wata rana ta kira ni ta ce duk mai tsayawa a kanta dole ya riƙe diplom, ko ya yi karatu ko ya koma sharar bene. Na ce mata da tsohuwar zuma ake magani. Ta ce ta yarda, amma ko zuma yanzu sai an manna mata takarda. Na sayi tabarau, na karɓi littattafai masu nauyin turmi. Faransancin da na baro a lakwal, makarantar boko, tun ina budurwa ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa.

Allah da ikonsa, karatun nawa ya faɗo a shekarar da aka rufe gada. Ku lokacin kuna lakwal, abin da kuka sani shinkafa ta yi tsada. Mu abin da muka gani, manyan motocin da ke ɗauko magani daga Kwatano sun tsaya cak a wancan ƙetaren. Kanta ta fara yin giɓi kamar bakin tsohuwa. Muka riƙa baza kwalayen auduga a gaba don kada wurin ya yi kama da gidan da aka yi ƙaura. Wuta ma ta koma baƙuwa, ta leƙo ta gaisa ta wuce. Firigonmu da gurup, injin ba da wuta, muke riƙe shi, Dokta tana auna man kamar turare. Lokacin karatu kam na same shi har ya yi yawa, tunda yawancin masu shigowa kalma ɗaya nake gaya musu: babu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A shekarar nan na ga masu farar riga da yawa sun koma sayar da katin waya.

Cikin masu zuwa wurina akwai Isaka, masunci ne, Sarko ɗan Sarko, wato masu gadon su, gidansu na unguwar bakin ruwa. Ƙaton mutum, in ya tsaya a ƙofa sai ya tare haske. Mahaifiyarsa, Hajiya Bibata, tana da ciwon sukari, kullum sai an yi mata allurar insulin, kuma Isaka da kansa ya koyi yi mata da waɗannan hannayen nasa masu kaushin igiya. A da a firigon wani maƙwabcinsu suke ajewa. Da wuta ta yi ƙaura, firigon ya zama akwatin aje kwanoni.

Ranar da ya zo, kwalba biyu suka rage mana na irin nata. Dokta ta ce a ba shi duka, don ba mu san ranar da wani zai zo ba.

"Fofo, Tanti," ya gaishe ni. "To yanzu ina za ni aje shi? Firigo ya mutu."

Na ce, "Ka samu tukunyar ƙasa sabuwa. Ka zuba rairayi ciki, ka jiƙa shi da ruwa. Ka sa kwalaben cikin gwangwani mai murhi, ka tura cikin rairayin, ka ruhe da tsumma mai laima, ka aje a inuwa inda iska ke bi. Sahe da marece ka yayyafa ruwa. Shi ke nan."

Ya dube ni kamar na ce ya kwantar da uwarsa a turken awaki.

"Tukunya, Tanti?"

"Tukunya. Kuma ka ji ni da kyau, kak ka kai shi ga ƙanƙara. In ya daskare ya mutu."

Ya yi dariya har haƙoransa na ƙarshe suka fito. "Mi ka mutuwa cikin ƙanƙara? Kihi ma kwana nawa shika yi, ba ya komi."

Na sake faɗa, na sa shi ya maimaita yadda Majo yake yi. Ya maimaita tsaf. Sannan ya ce, "To, Tanti." Ku koyi jin wannan "to" ɗin. Akwai "to" na wanda ya yarda, akwai "to" na wanda ya ga furfurarki ya ƙi yi miki gardama. Na Isaka na biyun ne, amma bayansa akwai layi, kuma ba a bin mutum gida da bulala.

Na koma karatuna. A satin nan na iso babin abubuwan da ake ajewa a sanyi, ina bi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Majo ya koya mini a ce kada a daskarar, bai taɓa nuna mini kamannin wanda aka daskarar ba, don a zamaninsa wa ke da ƙanƙara a Gaya? Littafin ne ya ce insulin irin mai farin ruwan nan, in ya daskare ya narke, ko ka murza shi tsakanin tafin hannu ba ya haɗewa, sai ka ga gudaji-gudaji, wani fari ya manne a jikin kwalbar daga ciki. Na haddace shi don jarrabawa kawai, yadda kuke yi yanzu.

Ana gobe zan tafi Doso zaman jarrabawar, da hantsi, sai ga Isaka. Wannan karon ba fofo. Ya dangwarar da kwalba a kan kanta, farmasi cike da mutane.

"Maganinku na ƙarya ne! Tun da anka ruhe gada ruwa kuka saida muna. Ina yi mata allura kullum, tsohuwa tana shan ruwa kamar raƙumi, fitsari ba tsayawa, yau ko tashi ba ta iyawa!"

Kun san mutanenmu. Nan take kowa ya tuna wani magani da ya taɓa saya bai yi masa aiki ba. Wata mai goyo ta mayar da kwalbar siron yara da ke hannunta kan kanta a hankali. Ni kuwa na ɗauki kwalbar na murza ta, na ɗaga ta wajen haske. Ga gudajin nan suna yawo, ga farin nan manne a jiki, kamar an ciro hoton daga littafi.

"Isaka, ina ka aje shi?"

Ya buga ƙirji. "Wurin da ya hi ko'ina! Na kai wa mai ƙanƙararmu, wanda muke sayen ƙanƙarar kihi gare shi. Gurup nai ba ya mutuwa. Can ƙasan firigo ya sa mini, inda ƙanƙara ke haihuwa. Kullum da asuba ni tahi in ɗauko, in riƙe shi ga hannu har ya narke, in yi mata, in maida."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

"Ban ce maka tukunya ba?"

Ya sassauta murya, amma bai sunkuyar da kai ba. "Tanti, kihin da za ni saida wa baƙo, ƙanƙara nika sa mishi. Uwata da ta haihe ni, ita ce za ni sa wa maganinta cikin tukunya da rairai kamar goro? Mutane su ce mi?"

Na yi shekaru ina faɗa da masu rowa, masu shan rabin magani su ɓoye rabi, masu barin siro a rana a kan katanga. Ban taɓa shirya wa mutumin da zai kashe magani don girmama uwarsa ba. Kullum sai ya yi tafiya tun duhu bai gama washewa ba zuwa gidan mai ƙanƙara, ya dawo da kwalba a dunƙule a hannu, duk don kada a ce ya yi wa tsohuwa arha.

Na nuna masa gudajin. Na ce abin da yake tsira mata tun ranar bai fi ruwa ba. Sai a lokacin ƙaton nan ya nemi benci ya zauna.

Dokta ta fito daga ciki ta ce ba lokacin wa'azi ba ne, a kai Hajiya asibiti yanzu. Muka samu mota, ni ma na bi. Mun same ta leɓɓanta sun bushe, ana kiran sunanta tana amsawa daga nesa. Likita ya sa mata ruwa, ya yi mata allura da ɗan insulin da ya rage a hannunsa, ya ce zai riƙe ta iyakar ƙarfinsa, amma a nemo irin nata ko daga ina ne, don nasa ba zai kai ko'ina ba. Dokta ta buga waya duk inda ta sani a Gaya da Doso. Kowa amsarsa irin tawa ce.

Isaka ya karɓi ordonansi ya naɗe a leda ya sa a hula. Gada a rufe take, amma ba a rufe wa Sarko kogi. Ya ce zai tsallaka Malanbil da jirginsa, in babu a can ya yi gaba. Kafin ya tafi ya tsaya a gabana yana murza hannu.

"Tanti, sake gaya mini zancen tukunyar nan."

Na kai shi kasuwa da kaina. Na zaɓi ƙaramar tukunya wadda za a iya rungumewa, na ƙwanƙwasa ta na ji ba tsaga, muka ɗebi rairayi a bakin ruwa, na jiƙa a gabansa, na sa hannunsa ciki don ya ji irin sanyin da ake so. Ya shiga jirgi da ita a cinya.

Washegari na hau motar Doso. In kuna so ku ji yadda jarrabawa take, ɗaki ne mai zafi, da benci irin na yara, da wani saurayi mai gadi da ya tambaye ni ko ɗiyata na rako. Na ce masa e, ta shiga bayan gida, ni zan riƙa rubuta mata kafin ta fito. Lissafin siron yara gwargwadon nauyi ya sa ni gumi, sunayen magunguna kuwa tsumman Majo ya biya ni. Can sai ga tambaya a kan yadda ake aje insulin, da abin da ba a yi masa. Na rubuta biyu zuwa takwas ɗinku, na rubuta kada a daskarar. Layi biyu suka bari don amsar, kuma layi biyun sun isa. Na daɗe ina kallon takardar kafin na juya shafi.

Kwana biyu muka yi ana abu ɗaya, ga na rubutu ga na baki, sannan motar dawowa ta lalace a hanya. Ko gida ban biya ba na sauka a farmasi da jakata. Tun daga nesa na hango Isaka zaune a dakalin ƙofa, a gefen inuwa, da tukunya tsakanin ƙafafunsa da buta kusa da ita.

Dokta ta tare ni a ciki ta gaya mini. Bai samu a Malanbil ba, sai da ya hau mota zuwa Kandi. Hajiya Bibata ta cika tun yana hanya, ƴan uwa suka yi mata sutura bai gani ba. Ya dawo ya tarar da tabarmin gaisuwa a ƙofar gida. Tun jiya yake zuwa nan ya zauna. Dokta ta yi ta yi ya kawo a sa a firigo, ya ce shi Tanti yake jira.

A littafinku akwai tambayar nan, ku duba, tana yawan fitowa: in magani ya fita daga farmasi, ko ya zo daga hannun da ba a sani ba, ana karɓa? Amsar ita ce a'a, don ba ka san inda ya kwana ba. In ta fito ku rubuta a'a, ni ma a'a na rubuta, kuma daidai ne.

Na fita na durƙusa a gabansa na yi masa gaisuwa. Ya amsa, idonsa na kan tukunyar. Ya yaye tsumman a hankali, har yanzu da laimarsa. Ya tono gwangwanin daga rairayi ya buɗe. Kwalba uku, sababbi, da takardar farmasin da ya saya a naɗe a gefe.

"Akwai wasu masu irin ciwonta da kike cewa babu," in ji shi. "Ki kai wa likita ya ba su. Ban sa mishi ƙanƙara ba, Tanti, ko sau guda. Cikin mota ma ga cinyata ya zamna, ina yayyafa ruwa. Sa hannu ki ji."

Na tura hannuna cikin rairayin. Na ɗauki kwalba ɗaya na murza, na ɗaga ta wajen haske. Ta haɗe sumul, ba gudaji ko ɗaya.

"Na yi daidai?" ya ce.

Na ce, "Ka yi daidai, Isaka."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki butarsa ya gangara wajen kogi. Ni kuma na rungumi tukunyar na nufi asibiti da ita.